Yadda za ka gane ko faifan 4K na fim ɗin tsoro ya ci kuɗinsa, hoto da sauti

Salamu alaikum jama'a. Tun daren da 'yan majalisarmu suka zo wajena a nan Jidda muka kalli wani tsohon fim ɗin tsoro a faifan 4K, tambayoyi ba su yanke ba a WhatsApp, wannan ya ce ya sayi faifan amma shi duhu kawai yake gani, wancan ya ce hoton duk yashi-yashi kamar tsohon kaset, wani kuma ya ce magana ba ta fita sai ƙara ta zo ta tashi yara daga barci. To bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya yadda nake yi, kowa ya bi a hankali.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, a fim ɗin tsoro duhu da shiru ka biya wa kuɗi. Kowane faifai zai yi kyau a wurin da rana ta fito tas, kowace sifika za ta iya yin ihu. Inda ake gane faifai mai kyau shi ne can cikin lungun ɗaki inda fitila ba ta kai ba, da lokacin da komai ya yi tsit sai numfashin mutum ɗaya. Duk matakan nan can suka nufa.

Mataki na 1: karanta kwalin kafin ka fitar da riyal

Ultra HD Blu-ray ya shigo kasuwa a 2016. Hotonsa 3840 sau 2160 ne, wato ɗigon hoto sama da miliyan 8, ninki huɗu na Blu-ray na da mai ɗigo kusan miliyan 2. Ka duba tambarin Ultra HD Blu-ray a saman kwalin, galibi kwalin baƙi ne, ba shuɗi ba. Ka yi hattara, akwai Blu-ray na da waɗanda aka rubuta musu cewa daga 4K aka ɗauko su, amma faifan kansa 1080 ne. Idan a manhajar Haraj ta saye da sayarwa za ka saya ko a hannun masu kayan gwanjo, ka ce a turo maka hoton bayan kwalin da na faifan kansa, gaba da baya.

A bayan kwalin abu huɗu nake nema. Na farko daga ina aka ɗauko hoton. Idan tsohon fim ne, mafi kyau ka ga an ce daga asalin nagatif ɗin kyamara aka yi sikanin a 4K. Idan fim ɗin bayan 2000 ne, da yawansu a 2K aka gama haɗa su a kwamfuta, sai aka buɗa hoton zuwa 4K, wannan ba laifi ba ne, sai dai ka sani ribar da za ka samu a launi da haske take, ba a kaifin hoto ba. Na biyu irin HDR ɗin, wato tsarin da ke faɗaɗa tazarar haske da duhu a hoto: HDR10 dole ne a kowane faifai mai HDR, Dolby Vision da HDR10+ ƙari ne. Na uku sauti, ko Dolby Atmos, ko DTS:X, ko DTS-HD Master Audio, kuma in tsohon fim ne ka duba ko sun saka asalin sautinsa na farko. Na huɗu fassarar ƙasan allo. Yawancin faifan da ke zuwa daga Amurka da Ingila ba su da Larabci, in akwai wanda sai da shi yake bin labari a gidanku gara ka sani tun kafin kaya su iso.

Faifan kansa yana zuwa a giga 50, ko 66, ko 100. Mai 100 yana iya zuba bayanai har megabit 128 a daƙiƙa, alhali Netflix megabit 15 kawai suke cewa ka tanada don kallon 4K. Nan ne bambancin yake, kuma a cikin duhu ake ganinsa, domin in bayanai suka yi ƙaranci wurin da ake fara yi wa ƙwauro shi ne inuwa. Akwai kamfanonin da suka yi suna wajen gyara tsofaffin finafinan tsoro, irin su Arrow Video da Second Sight a Ingila, da Scream Factory da Vinegar Syndrome a Amurka. Sau da yawa fim ɗaya kamfani biyu ke fitar da shi kuma hoton bai zama ɗaya ba, don haka in za ka tambayi wani ka faɗa masa na wane kamfani kake nufi.

Maganar shiyya kuwa, wato kulle faifai don ya yi aiki a wani yankin duniya kawai, faifan 4K ba a kulle shi, na Amurka zai yi a Jidda lafiya lau. Amma Blu-ray ɗin da ake haɗowa da shi a kwali ɗaya yana iya zama a kulle. Mu nan Saudiyya shiyyar B muke tare da Turai, Amurka kuwa A, shi ya sa na fi son yin oda daga Ingila. Ka lissafa kuɗin aikowa da harajin kashi 15 kafin ka ce ka samu araha.

Mataki na 2: na'urar kunnawa da waya

Samari da yawa suna da abin kunnawa a ɗaki ba su sani ba. PlayStation 5 mai bakin faifai tana kunna 4K, haka Xbox Series X da Xbox One S da One X. PlayStation 4 Pro ba ta yi, duk da tana yin wasa a 4K, kar ka wahalar da kanka. Sai dai PlayStation 5 ba ta fitar da Dolby Vision daga faifai, HDR10 za ta ba ka. In kana son Dolby Vision sai fileya ta musamman, kamar Panasonic DP-UB820 ko Sony UBP-X700. Amma ka fara duba tibinka, domin Samsung ba sa saka Dolby Vision a tibinsu sam, HDR10+ suke bi, irin su LG da Sony kuwa suna da Dolby Vision.

Gargaɗi ɗaya da nake roƙonka kar ka tsallake: wutar nan 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120. In ka yi odar fileya daga can ka juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta kafin ka soka a bango. Wasu tsofaffin gidaje a Jidda da Makka har yanzu suna da soket iri biyu, ka tabbatar wanne ne wanne.

Wayar HDMI ba sai mai tsada ba, ka nemi wadda aka rubuta wa Premium High Speed, mai ɗaukar gigabit 18, a shagunan Jarir ko eXtra za ka samu. Sannan ga abin da ya fi kama mutane. Tibi da yawa suna zuwa da bakin HDMI ɗin a takure, sai ka shiga saiti ka buɗe shi da kanka. A LG sunansa HDMI Ultra HD Deep Colour, a Samsung Input Signal Plus, a Sony Enhanced format. Ni kaina faifan farko da na saya sai da na kalle shi har ƙarshe raina a ɓace, na ɗauka an cuce ni, ashe bakin ne ban buɗe ba. Da fim ya fara ka lura da kusurwar allo, ya kamata alamar HDR ko Dolby Vision ta bayyana na 'yan daƙiƙu, in ba ka gani ba ka danna maɓallin bayani a rimot ka duba.

Mataki na 3: gyara ɗakin

Masu daidaita HDR a ɗaki mai duhu suke aikinsu, kai ma sai ka yi kusa da haka. Bayan isha'i ne lokacinsa. Ka kashe fitilar sama, ka ja labule saboda fitilun titi, in duhun ya yi wa idonka yawa ka ajiye 'yar ƙaramar fitila a bayan tibi tana haska bango, ba a gabansa ba. Majalisinmu na nan yawanci zaman jikin bango ne, tibi can nesa, to a wannan nisan 4K da 1080 duk ɗaya za ka gan su. In tibinka inci 65 ne ka jawo matashi ka zauna kamar mita 2 daga allo, kuma a saitinsa, domin tibin LED da yawa baƙinsu yana komawa toka-toka in ka kalle su daga gefe.

Sai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wannan ita ce matsalarmu da mutanen Turai ba sa rubutawa. Mukayyif ɗin taga yana gurnani ba tsayawa, kuma daidai irin ƙananan sautukan da fim ɗin tsoro ke rayuwa a kansu yake cinyewa, takun sawu a bene na sama, ƙarar katako, iska a ƙarƙashin ƙofa. A zafin Jidda ba zan ce ka kashe shi ba. Abin da nake yi shi ne in kunna shi da ƙarfi awa ɗaya kafin kallo, ɗaki ya yi sanyi sosai, da za a fara in mai da fankarsa ƙasa.

Mataki na 4: saitin hoto

Yanayin da tibi ke zuwa da shi daga shago an yi shi ne don ya ja ido a ƙarƙashin fitilun mol. Ka fita daga Vivid ko Dynamic. In tibinka na 2020 zuwa sama ne mai yiwuwa yana da Filmmaker Mode, shi za ka zaɓa, in babu ka ɗauki Cinema ko Movie. Ka yi wannan yayin da faifan ke tafiya, domin tibi yana ajiye saitin HDR dabam da na kallon tashoshi.

Daga nan ka kashe abin da ke santsar da motsi, LG suna ce masa TruMotion, Sony Motionflow, Samsung Auto Motion Plus ko Picture Clarity. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa, tibi kuma sai ya ƙirƙiro wasu ya cusa a tsakani, fim ya koma kamar bidiyon biki, duk kwarjinin ya zube. Ka kashe rage yashi, ka mai da kaifin hoto sifili ko kusa da shi, ka kashe tanadin wuta da na'urar da ke auna hasken ɗaki, don ita da ta ga duhu sai ta ƙara dusashe allon. Zafin launi ka sa shi a Warm. Da farko za ka ga kamar ya yi ja-ja ko rawaya, ka ba idonka minti goma, wannan shi ne farin da ake aiki da shi a masana'antar, mai awo 6500. Baƙin layin da ke sama da ƙasa kuma kar ka zuƙo hoto don ka kore shi, haka aka ɗauki fim ɗin, in ka zuƙo gefe da gefe ka yanke, kuma masu fim ɗin tsoro a gefen hoto suke son ɓoye abu.

Mataki na 5: yanzu ka gwada hoton

Nan zan daɗe. Ka nemi wurin da ya fi ko'ina duhu a fim ɗin, misali mutum ya sauka ɗakin ƙasa da tocila ko kyandir, ka tsayar da hoton. Kar ka kalli tocilar, kalli abin da ke kewaye da ita. A faifai mai kyau duhun hawa-hawa ne, akwai baƙi ƙirin, akwai wanda ya ɗan fi shi haske inda za ka iya hango bakin ƙofa ko ninkin labule ko kafaɗar wani abu da ke tsaye, kuma wannan hangen da ba ka gama tabbatarwa ba shi ne tsoron gaba ɗaya. In baƙi ya haɗiye komai, rigar mutum da gashinsa da bango suka zama dunƙule ɗaya, an danne inuwar. In kuma duk allon ya yi toka-toka kamar an shafa masa hazo, an ɗaga baƙin. Kafin ka ɗora wa faifai laifi ka kalli baƙin layin sama da ƙasa: in shi ma toka-toka ne, tibinka ne ko saitinka, in shi baƙi ne sosai amma cikin hoton ya yi fari-fari, daga faifan ne ko kuma haka mai fim ya so.

Irin tibi yana da tasiri a nan. OLED kowane ɗigo da haskensa, yana iya mutuwa gaba ɗaya, shi ya sa ya fi dacewa da irin wannan kallo. LED fitila ce a bayan allo, don haka za ka iya ganin wani hayaƙi-hayaƙin haske kewaye da kyandir ko rubutun fassara. Wannan ba laifin faifai ba ne. Rubutun fassara a HDR yakan yi haske har ya kashe maka ido a wurin duhu, fileyar Panasonic ɗin nan tana bari ka rage haskensa, ni kullum sai na rage.

Abu na biyu, ka saki hoton ka kalli hazo, ko hayaƙi, ko hasken tocila da ke bajewa a bango. Ya kamata ya narke a hankali daga haske zuwa duhu. In ka ga zobe-zobe kamar matakala, ko wasu 'yan murabba'ai suna motsi a cikin inuwa, an matse fim ɗin da yawa. Faifan 4K yana da matakin haske 1024 a kowane launi, Blu-ray na da 256, don haka bai kamata ka ga matakalar nan ba, in ka gani aikin bai yi ba.

Na uku shi ne yashin nan da ake ta ƙorafi a kai. Ɗan'uwa, wannan yashin jikin fim ɗin ne. Tsofaffin finafinai a kan leda mai sinadarin azurfa aka ɗauke su, ƙwayoyin sinadarin su ne suka zama hoton, in ka goge su ka goge hoton. Ledar milimita 16 ta fi ta 35 yashi saboda ƙarama ce aka buɗa ta, The Texas Chain Saw Massacre na 1974 a 16 aka ɗauke shi, duk gyaran da za a yi masa ba zai taɓa yin sumul kamar fim ɗin bana ba, kuma wannan kaushin yana cikin abin da ke sa shi tayar da hankali. Abin dubawa shi ne yashin ya zama ƙanana, yana motsi ko'ina daidai. In ya daskare a bango kamar an manna shi, ko yana bin mutum kamar ƙudaje, matsewa ce ta lalata shi. In kuma babu shi sam a fim ɗin shekarun 1970, fuskoki sun yi santsi kamar roba, ba ramin gashi ba ƙurji, an wanke shi da kwamfuta, kuma ni a wajena wannan ya fi kowane aibi ciwo domin ba saitin da zai dawo da abin da aka goge.

Launi ba sai na ja ba. Ka kalli fatar mutum da rana, ka kalli jini, ka ga ko ja ne mai nauyi ko ya koma kamar lemo. Ka kalli fitila ko wuta, ya kamata ta yi ƙyalli amma kana ganin siffarta a ciki.

Mataki na 6: sauti

Sifikar jikin tibi ba za ta nuna maka komai ba, ko doguwar sifikar nan ta ƙasan tibi mai wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, ta fi ta nesa ba kusa ba, in kana da amfilifaya da sifiku biyar kuwa ka gama. Atmos na faifai a kan Dolby TrueHD yake hawa, ba a rage masa komai ba, na intanet kuwa a kan Dolby Digital Plus yake, matsattse. Don cikakken ya iso kunnenka, ko dai ka haɗa fileya kai tsaye da amfilifaya, ko ka bi ta bakin da aka rubuta wa eARC, domin ARC na da ba ya ɗaukar TrueHD. A saitin fileya ka zaɓi Bitstream. In faifan DTS ne ka ji shiru, ka sani wasu tibi, musamman Samsung na 'yan shekarun nan, ba sa wucewa da DTS, sai ka mai da fileya PCM, ko ka yi amfani da bakin HDMI na biyu da ke bayanta wanda na sauti ne kawai.

Ka kashe yanayin dare da duk wani abin da ke daidaita ƙara, domin aikinsu su ɗaga shiru su danne ihu, alhali tazarar da ke tsakanin biyun ita ce makamin fim ɗin. Ka saita ƙara a kan magana: nemi inda mutum biyu ke hira a hankali, ka ɗaga har ka ji su ba tare da ka miƙa wuya ba, ka ajiye rimot. In magana ta nutse ka ƙara wa sifikar tsakiya lamba biyu ko uku, kar ka ɗaga duka.

Sai ka rufe ido a wurin da ba kiɗa. Kana jin girman ɗakin da suke ciki? Takun yana tafiya daga hagu zuwa dama, ko daga baya, ko a saman kanka in kana da Atmos? A tsohon fim ɗan huci kaɗan a ƙarƙashin sauti ba komai ba ne, in an share shi da yawa muryoyi sukan koma kamar daga cikin gwangwani. Wufa kuma ka raba mata aiki daga hertz 80 zuwa ƙasa, hertz shi ne awon kaurin sauti, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Kunnen ɗan'adam daga wajen 20 yake fara ji, masu fim ɗin tsoro suna son ajiye wani gurnani can kusa da wannan iyakar, wanda ƙirjinka zai ji kafin kunnenka. Ya kamata ya zo a dunƙule ya wuce, in tagogi da kwanukan kicin ne ke kaɗawa ka rage ta ko ka janye ta daga kusurwa. A shagga muke zaune, wato gidan bene na haya, wani a saman wani, gurnanin wufa yana bin siminti ya sauka wa na ƙasa, ka ɗora ta a kan kafet mai kauri, in dare ya yi nisa kuma ka koma hedifon, haƙƙin maƙwabci ya fi fim. Yara kuma don Allah a tabbatar sun yi barci a wani ɗakin, abin da babba zai manta da safe yaro yana iya ɗaukar shekara yana gani.

In tsohon fim ne mai sabon Atmos da kuma asalin sautin sifika ɗaya, ka saurari wuri ɗaya da kowanne. Wani sabon haɗin yana buɗe fim ɗin da kyau, wani kuma an canza ƙarar ƙofa ko ta bindiga da sababbi waɗanda ba su zauna da hoton ba. Ni galibi kallon farko da na asali nake yi.

In faifai ya tsaya a tsakiya

Faifan 4K ba ya haƙuri da datti, musamman mai giga 100 mai hawa uku, ɗan zanen yatsa sai ya sa hoto ya daskare. Kafin ka ce ya lalace ka goge shi da ƙyallen gilashin ido, daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe, ba zagaye ba. Ka sabunta manhajar fileyar. In ya sake tsayawa a minti ɗaya daidai, ka kai shi gidan aboki a gwada a wata na'ura, in can ma haka ne ka rubuta mintin ka ɗauki bidiyo da waya ka nemi canji tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba, shi ya sa nake kallon faifai a makon da ya iso. Kar ka bar shi a mota da rana ko na awa ɗaya, zafin nan yana lanƙwasa shi, kuma da an gama kallo a mai da shi kwalinsa a tsaye, nesa da taga da ƙura.